Fangula Biyu na Bakin Hanya

Wurno, 14 ga Janairu

Yaya Rilwanu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hussaina da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke taɓa ni in na daɗe tsaye a ɗakin gwajin jini na asibiti.

Na kira wayarka sau bakwai, kullum a kashe, shi ya sa na koma takarda kamar zamanin iyayenmu. Siddiq direba zai miƙa maka ita hannu da hannu, don kada gobe ka ce ba ta iso ba.

Maganar Zakiyya ce. Shekara huɗu ke nan da ka ba ni riƙonta don ta yi karatu nan Wurno, ban taɓa ganin ta a irin wanga hali ba. Ka san aikin kimiyyar da malaminsu, Malam Victor, ya ba su, wanda ta zaɓi ta yi a lambunka. Fangula shida na albasa: biyu da takin dabbobi, biyu da takin zamani, biyu na bakin hanya kuma a bar su da ruwa kaɗai. Ita ke zuwa da rula tana auna tsawon ganye tana rubutawa. Kai naka ban ruwa ne, shi ke nan.

Ran Litinin ta kai littafinta. Lambobin sun nuna wai na bakin hanya, da ba su ga taki ba, sun fara a baya, sannan sunka tashi sunka kamo sauran, har sunka wuce na takin dabbobi. Malam Victor ya ɗaga littafin gaban aji ya ce albasa ba ta haka, ɗaki ta zauna ta ƙirƙiro lambobi. Ya cire sunanta daga gasar kimiyya da za a yi a Rabah. 'Yan ajin sun sa mata suna Mai-ƙirƙira.

Yanzu ta karɓo fom, wai za ta bar ajin kimiyya ta koma na adabi. Yarinyar da tun tana firamare take bi na asibiti tana leƙen na'urata! Sai uba ko mariƙi ya sa hannu, kuma ƙarshen Fabrairu za a rufe. Ni dai na ce hannuna ba zai taɓa shi ba.

Na san ba ta ƙarya. Saboda haka kai nake tambaya, mi ya faru a lambun nan? Allunan da ta kafa ne iska ta zubar ka maida su yadda ka ga dama? Ko kana can kasuwa kana surutun farashi ba ka ko kallon su? Taron iyaye uku an yi, kujerarka ƙura ta sha. In an yi magana ka ce ɗiyar fari ce, kana kunya, ko sunanta ba ka faɗi. Wagga kunya taka ta ishe ni. Ka ba ni amsa.

Taubashiyarka,
Atika

Goronyo, 19 ga Janairu

Atika,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya. Allah ya sawwaƙe ƙafa. Waya ta faɗa ruwa wurin tada inji, ba gudun ki nike ba, mi kika isa ki yi min?

Na karanta takardarki sau biyu, na farko a tsaye, na biyu sai da na zauna don raina ya ɓaci ƙwarai. Don kakanninmu wa da ƙanwa ne, akwai wasa tsakaninmu, amma wanga ya wuce wasa. Ni za ki ce ban kula da lambu? Shekara talatin ina albasa a bakin Rima. Tun ba ki san mi ake kira allura ba mutane ke tahowa daga Rabah da Wurno sayen dashe wurina.

Alluna suna nan inda ɗiyarki ta kafa su, ko ɗaya bai gusa ba. Fangulan nan shida na fi kula da su bisa ga nawa. Su nike fara ba ruwa, su nike fara cire wa ciyawa, ranar da tsutsa ta shigo da hannuna na bi ganye ɗaya-ɗaya. Ki taho ki gani da idonki. Ba fangalin da na bari da yunwa, duk shida sun yi shar, mai wucewa sai ya tsaya ya ce ma sha Allahu. In wanga ne rashin kula, to ban san kula ba.

Shi ko wanga malami naku, wane gari ya taɓa noma albasa? Ya zauna cikin aji da alli zai gaya wa ɗiyar manomi yadda albasa ke girma? In karatun kimiyya shi ne a tara yara a kira ɗiyar mutane maƙaryaciya, a ba ni fom ɗin in sa hannu. Ta koma inda ba a ci mata mutunci. Karatu dai karatu ne.

Maganar taron iyaye kuwa, haka munka tashi munka iske. Ubana bai taɓa kiran sunan yayanmu ba har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ya son shi. Don haka na ba ki ita, ki yi abin da ni ba ni iyawa a fili. Na aiko da albasa rabin buhu da Siddiq.

Rilwanu

Wurno, 21 ga Janairu

Yaya Rilwanu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, albasa ta iso, an gode.

Da farko na karanta takardarka ina dariyar cika bakinka. Sai na koma kan layi guda, dariyar ta tsaya. Ka ce ba fangalin da ka bari da yunwa. Yaya, biyu daga ciki an ce a bar su da yunwa. Aikin ke nan gaba ɗaya. Yarinyar nan ta yi maka bayani a gabana, ka ce ka ji.

Mi ka zuba wa na bakin hanya? Yaushe? Kada ka ba ni labarin shekara talatin, wanga kawai nake tambaya.

Atika

Wurno, 9 ga Fabrairu

Yaya Rilwanu,

Salamu alaikum. Lafiyarmu lau, in ka damu ka sani.

Kwana goma sha tara ke nan. Siddiq ya rantse min ya ba ka takardar a hannu, ka karanta, ka ninke, ka sa aljihu, ka ce mai ya gaishe ni. Gaisuwa na tambaye ka? Hussaina ma na kira ta, sai kame-kame take tana ce min kana lambu. Wato ni ce mahaukaciya mai rubutu, kai mai aiki.

Bari ka ji abin da shirunka ke yi. Zakiyya ta daina shiga ɗakin gwajin makaranta. Littafin awon ta jefa shi bayan akwati, ni na tsince shi. Jiya na ce mata ko wani ne ya taɓa fangulan, ka san mi ta ce min? Ta ce, "Gwaggo, Baba na ka tsaron su. In da wani ya taɓa da ya hwaɗa min. Ni ta ban iya awo ba." Haka ta gaya wa Malam Victor ma, cewa ubanta ba shi taɓa su. Ta gwammace ta ce kanta ne babu komai da ta zarge ka.

Ban yi kuka gabanta ba, sai da na je wurin aiki. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba. Saura kwana goma sha tara a rufe, kuma ta ce tunda na ƙi, kai za ta aiko wa fom ɗin. In ka sa hannu a kansa ba ka amsa min ba, ka nemi wata taubashiyar.

Atika

Goronyo, 13 ga Fabrairu

Atika,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ba raini ba ne ya hana ni rubutu. Sau huɗu ina farawa ina yagawa.

Na zuba. Yuriya ce, takin zamani. Ranar sunan ɗan Mujaheed maƙwabcina, takwas ga Disamba, bayan la'asar.

Amma ki ji yadda anka yi kafin ki yanke min hukunci, tunda ke alƙaliya ce yanzu. Duk lambun nan, ba inda ta ga ya dace ta bar albasa da yunwa sai bakin hanyar da kowa ke bi zuwa dam. Mako uku da dashe sunka yi ruwan ɗorawa, sunka tsumbure kamar ba su da mai su. Ran sunan nan, muna zaune cikin mutane ana rabon goro, Zayyanu, wani manomin unguwarmu, ya ɗaga murya ya ce, "Rilwanu, lahiya dai? Na ga albasarka ta bakin hanya tana neman sadaka. In taki ya gagara ka hwaɗa a tara maka." Anka yi ta dariya. Mutum biyu da ke sayen dashe wurina duk shekara suna nan zaune suna ji.

Mi zan ce musu? In ce aikin ɗiyata ne? Da wane baki, gaban dattawa? Na tashi ko tuwon suna ban ci ba. Da na isa lambu na tsaya kansu, sai na ga kuma ai sunanta ne rubuce jikin allon. Mutane na wucewa suna karanta sunanta kan albasa mafi muni a Goronyo. Ni ko abu guda na iya yi mata a duniya, shi ne in sa albasa ta yi kyau. Ban san lissafinsu ba, ban san Turancinsu ba. Wanga na sani, shi na yi.

Kuma har yau ban gane ba. Wane ne bai san albasa ba taki ba ta yi? Jaririn Goronyo ya sani. Don mi za a azabtar da shuka a gano abin da kowa ya sani? Na ɗauka in sun yi kyau duka za a ƙara mata maki.

Maganar da kika ce ta faɗa, tun da na karanta ta abinci bai yi min daɗi ba. Amma kada ki ce in taho makaranta. Ba ni tsayawa gaban yaron da na haifi kamarsa in ce na yi laifi. Ke ki san yadda za ki gaya mai a gefe, ki ce wani ma'aikaci ne ya yi kuskure. Ita kuma kada ki gaya mata. Na roƙe ki.

Rilwanu

Wurno, 16 ga Fabrairu

Yaya Rilwanu,

Salamu alaikum. Lafiya lau. Na gode da ka faɗi gaskiya, amma kada ka ɗauka na huce.

Ka ce don mi za a gwada abin da kowa ya sani. Kowa ya san taki na ƙara albasa. Nawa yake ƙarawa? Na dabbobi da na zamani wane ya fi, kuma da mi ya fi? Kai da shekara talatin ɗinka ba ka iya faɗa min, sai dai ka ce ka ga alama. Waɗancan biyun da anka bari su ne ma'auni. Kamar ka je awon gero ne wani ya lotsa tiyar don ya taimake ka.

Na buɗe littafinta na aza ranar da ka faɗa. Bakwai ga Disamba, na bakin hanya suna baya da santimita tara. Sha huɗu ga wata ta rubuta a gefe da ɗan rubutunta, "Sun fara kore, ban san dalili ba." Ashirin da ɗaya sun kamo. Ashirin da takwas sun wuce. Ka gani? Ba lamba guda da ta yi kuskure. Ta ga abin da bai yi mata daɗi ba, bai kuma yi kama da na littafi ba, ta rubuta shi yadda yake. Wata da gyarawa za ta yi a ba ta maki. Rular nan tata ta kama ka tun Disamba, ita ce kawai ba ta yarda ta duba wajenka ba.

Kuma wai in ce ma'aikaci ne. Wane ma'aikaci, kai da ko ɗan ƙwadago ba ka yarda ya taka maka fangali? An kira ta maƙaryaciya, maganin shi ne in ƙara wata ƙaryar? Ba ni yi. Gaban aji anka ci mata mutunci, ba a gefe ba. Dariyar Zayyanu ta yini guda ba ka iya ɗauka ba, ita wata guda ke nan tana ɗaukar ta aji guda.

Ban gaya mata ba, kuma ba ni gaya mata, bakinka ne zai faɗa. Gobe an tura ni Rabah aikin mako guda, ina asibitin can. Siddiq na tashi daga tasha da hantsi kullum. Ka san hanya.

Atika

Goronyo, 21 ga Fabrairu

Atika,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Na ce Siddiq ya ba masu motar Rabah wagga takarda ta iske ki can. Hankalinki ya kwanta, na je makarantar. Jiya. Kuma ban yafe miki ba.

Na sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mai gadi ya bar ni tsaye bakin ƙofa har sai da anka kira malamin. Ashe ma ba yaro ba ne, da furfura a gemunsa. Na ce ina son magana da shi a gefe, na faɗa mai duka. Ya aika a kira ta da littafin. Ya duba ranakun, ya sake dubawa, sai na ga ya cire tabarau ya dafe kai. Ya ce, "Baba, laifina ya fi naka. Kai taki ka zuba, ni hukunci na yanke ban tambaya ba." Ya ce zai faɗa wa aji. Na ce to ni zan tafi. Ya ce in ina iyawa in shiga, don daga bakina za su fi yarda.

Na shiga, Atika. Yara sun fi hamsin. Na faɗa. Wani ja'iri a baya ya yi dariya, malamin ya daka mai tsawa. Sannan ya ba ta haƙuri gaban kowa da sunanta cikakke. Gasar Rabah dai ta wuce ta, an riga an aika sunaye.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne bayan mun fito. Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi fushi, in samu abin lallashi. Sai ta buɗe littafin bisa gwiwarta a bakin baranda, ta ciro biro, ta ce, "Baba, wane iri na kaz zuba?"

Na ce yuriya.

Ta ce, "Gwangwani nawa?"

Na ce uku-uku, na madara.

"A cike ko a shahe?"

Na ce a cike. Ta rubuta. Ta tambayi ko na ba da ruwa ranar, ta rubuta. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. Da ta gama ta durƙusa ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," ta koma aji. Haka ɗan sanda ke yi wa mutum. Ɗiyar cikina!

Wanga ne karatun da kike ta faɗa a kai? Na dawo cikin mota kowa na hira, ni ban san inda munka biyo ba. Ban tambaye ta maganar fom ba. Ki gaya min mi ta yanke.

Rilwanu

Wurno, 25 ga Fabrairu

Yaya Rilwanu,

Wa alaikumus salam. Na dawo lafiya, na iske ta lafiya.

Ta maida fom ɗin ofis babu rubutu a kansa. Tana ajin kimiyya. Malam Victor ya sa ta tsaya ta yi wa aji bayanin yadda lambobi ke nuna an taɓa gwaji, an ce ba wanda ya yi tari har ta gama.

Kukan da ka nema ta yi shi, ni na same shi ranar da na dawo. Ta ce da wani ne da bai yi mata zafi ba. Na gaya mata abin da Zayyanu ya ce da maganar sunanta jikin allo. Ta dai ji.

Za ta sake gwajin da alayyafo kafin azumi ya yi nisa. Na ce a Goronyo? Ta ce a'a, cikin bokitai, nan bayan ɗakina. Na ce don mi. Ta ce, "Gwaggo, Baba ba shi iya ganin abu na wahala ya ƙyale." Ban san ko yabo ne ko ƙara ba, na dai kawo maka yadda na ji. Sai dai ƙasar gidana duk tsakuwa ce, tana ta neman inda za ta samo mai kyau. Na ce ta tambaye ka, ta ƙi.

Ka yi abin da ya kamata, a makare. Har yanzu ina jin haushinka, amma ya ragu.

Atika

Goronyo, 27 ga Fabrairu

Atika,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Wato lambuna ya zama wurin da ba a yarda da shi ba, sai bokiti. To, na ji. Ni na jawo.

Ga ƙasa nan buhu biyu da Siddiq. Daga gefen tudu na haƙo ta, inda ban taɓa shuka ba, taki bai taɓa zuwa wurin ba. Na tankaɗe ta da rariya. Da zan ɗaure bakin buhun hannuna ya kai ga kashin awaki har sau biyu, don ƙasar ta yi min fari da yawa, alayyafo zai sha wuya cikinta. Na sa Hussaina ta tsaya a kaina har na ɗinke.

Ki gaya mata ban sa komai ba. In ba ta yarda ba, ta auna.

Rilwanu